Jatau da Cukwin Sulhu

A unguwar Tudun Wada ta Gusau akwai wani mutum ana ce da shi Jatau, mai rumfar cajin waya. In ka ba shi wayarka caji, to ka ba shi har da abin da ke cikinta, don babu saƙon murya ko bidiyon da zai bari bai saurara ba. A nan ya yi duk karatunsa na duniya. Shi ya sa ko hirar ciwon suga ake yi a bakin rumfa, ko ta yadda jirgi ke tsayawa a sama, sai ya tura hula gaba ya ce, "Ku dakata, wanga fannina ne."

Matarsa Ladidi ta daɗe da daina musu da shi. Sai dai ta ce Allah Ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ita Ladidi tana da yayye maza biyu. Malam Abdullahi, babban, yana zaune a 'Yankuzo. Muhammad Sani yana Rawayya. Da mahaifinsu ya rasu aka raba musu gonarsa ta Mada gida biyu, sai ga wata tsohuwar bishiyar ɗorawa tsaye daidai kan iyaka. Kowa ya ce tasa ce. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su, kuma kowa ya rantse ba zai sa garma a gonar ba sai an tabbatar masa da ɗorawa. Shekara da shekaru gona tana kwance, sabara na cin ta.

Mahaifiyarsu Iya ta yi kuka, ta yi roƙo, ta gaji. Da bazara ta kama sai ta aika musu da magana guda: ranar Alhamis za a zauna a gindin ɗorawar, kuma zama na ƙarshe ke nan. In aka tashi ba sulhu, za ta ɗaure kayanta ta koma garin iyayenta, kuma ko mutuwa ta yi kada ɗayansu ya taɓa makararta. Da yake duk zaman baya ɗayansu ke kaɗe riga ya tafi cikin fushi, sai ta sa sharaɗi: wanda ya fara tashi daga tabarma kafin Liman ya shafa fatiha, ya bar wa ɗan'uwansa ɗorawa.

Ana cikin haka Jatau ya ci karo da wani bidiyo a wayar wani ɗan makaranta. Wata mata mai farar riga tana bayani cewa a cikin cukwi akwai wani abu da jiki ke amfani da shi wajen haɗa sinadaran ƙwaƙwalwa masu kwantar da rai. Ta ce, "Sai dai masu bincike sun yi gargaɗin cewa..." Daidai nan mai waya ya zo ya zare abarsa. Jatau bai damu ba. Ya ce ai gundarin maganar ya riga ya shiga.

Ya shiga gida yana washe baki.

"Ladidi, ki daina wanga tagumi. Na gano ciwon yayyenki."

"Ciwonsu taurin kai. An daɗe da ganowa."

"Ke kin san na waje, ni na san na ciki. Ƙwaƙwalwarsu ce ba caji. Cukwi za su ci, sinadari ya hau, ki gan su suna rungumar juna."

"Malam, Buzaye sun shekara nawa suna cin cukwi? Ba sa faɗa?"

"Kin taɓa ganin Buzu yana rigimar ɗorawa?"

Ladidi ta ce Allah Ya kyauta, ta koma kan tankaɗenta.

Mai ilimi ba ya aiki sai da gwaji, in ji Jatau. Ya tafi kasuwa ya samo busasshen cukwi irin na Nijar, mai faɗi kamar allo, ya nufi maƙwabcinsa Baba Yakubu. Shi Baba Yakubu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, dattijo a cocinsu, mutumin kirki, sai dai kullum fuskarsa a ɗaure take saboda janaretan Jatau da ke kwana yana kuka a jikin tagarsa.

"Baba, ga tsaraba. A ci da zuciya ɗaya."

Baba Yakubu ya juya abin, ya ƙwanƙwasa shi a jikin benci. "Wannan ci ake yi, ko rufin ɗaki?"

"Gatsa dai."

Dattijo ya gatsa. Aka ji ƙas. Ya kai hannu baki.

Jatau ya matso. "Baba, ya kake jin zuciyarka?"

"Zuciyata lafiya lau. Haƙorina ne ga shi a hannuna."

"Amma ka lura yau ba ka yi mini faɗan janareta ba?"

"Da wane bakin?"

Matan gidan suka fito suna kururuwa, yara suka kewaye suna leƙen haƙori. Jatau ya sulale yana cewa a ransa gwaji ya yi kyau, taurin ne kawai matsala. Ɗanye za a nema, mai laushi.

Sai ya nufi wajen Indo, Bafillatanar da ke sayar da nono a gindin dalbejiyar bakin titi, ya ce ta faɗa masa yadda suke yin nasu.

Indo ta ce, "Madara za ka samu sabuwar tatsa. Ka ɗora a wuta sannu sannu. Ka yanko karan tumfafiya ɗan guntu, ka daddaka, ka jiƙa, ka tace ruwan a ciki. Shi ke sa ta kama jikinta."

Jatau ya tafa hannu. "Ashe tumfafiya ce injin abin."

"Ka ji na ce ɗan guntu. Kamar gaɓar yatsa. In ya wuce haka..."

"Na ji, na ji. Ku da gado kuke yi, mu da ilimi."

"To Allah Ya ba ilimi sa'a," in ji Indo, ta kori ƙuda daga bakin ƙwaryarta.

Washegari ya hau babur har wata ruga ta wajen Bungudu, aka cika masa jarka da madara. Da ya kamo hanya kai tsaye da an wuce wurin. Amma duk teburin mai shayin da ya gani sai ya tsaya ya yi wa jama'a bayanin ƙwaƙwalwa, jarka na bayan babur rana na dukanta, ramukan hanya na kaɗa ta. Bai iso Gusau ba sai da la'asar, jarka ta kumbura ta yi tim. Yana kwance murfin a ƙofar gida ta yi tsartuwa ta wanke shi daga hula har takalmi, ga curin man shanu maƙale a gemu.

Baba Yakubu na zaune a bencinsa, kunci a kumbure. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Jatau, ya kake jin zuciyarka?"

Kyanwoyin unguwa suka raka shi har bayi.

A karo na biyu ya yi sammako ya dawo da wuri, bakinsa a rufe da ƙyar. Ya kori Ladidi daga madafi, ya ce aikin na masana ne. Ya yanko tumfafiya a bayan makaranta, ya dubi gaɓar yatsansa ya ga ta yi masa kaɗan, sai ya auna da tsawon hannu. Madara ta kama kuwa, ta yi fari tas gwanin sha'awa.

Saura wanda za a gwada. Mutanen unguwa kowa ya ce ya ƙoshi. Sai idonsa ya faɗa kan bunsurun Ladidi, wani jan shaiɗani da babu wanda bai tunkura ba a layin, har mai tallan kalanzir. Jatau ya marmasa cukwi cikin dusa ya tura masa. Bunsuru ya cinye ya lashe kwano.

Kafin azahar bunsuru ya kwanta ya miƙe ƙafafu, ido a lumshe. Jatau ya fita ya kirawo maƙwabta.

"Ku zo ku ga ikon ilimi. Wa ya taɓa ganin wanga dabba a kwance? Taɓa ƙahonsa, Malam, kada ka ji tsoro."

Aka taɓa, bunsuru ko motsi. Jama'a suka fara gyaɗa kai.

Ladidi ta leƙo daga bayan zana. "Malam, zagayo ka ga bayansa."

Jatau ya zagaya, ya ga abin da ya gani, ya toshe hanci. Ya juyo wajen jama'a bai ko ji kunya ba. "Baƙin rai ne ke fita. Da ta ina kuke so ya fita?"

Ranar Laraba Ladidi ta shirya za ta riga shi zuwa Mada don ta taya Iya kwana. Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta.

"Don girman Allah, Malam, in za ka zo gobe ka riƙo dabino kawai. Rayuwar tsohuwar nan ce a kan zaman nan."

"Abin taɓawa kaɗai zan riƙo."

"Ka ɗanɗana abin nan kuwa da bakinka?"

"Ni da raina ke fari ƙal? In na ci ai sai ya yi mini yawa."

Tana fita ya zauna ya yi nazari. Fushin bunsuru na ɗan lokaci ne, kuma tsawon hannu ya ishe shi. Gabar yayyen Ladidi kuwa ta shekara da shekaru ce, ga su manyan mutane masu jiki. Ya ɗauki adda ya koma bayan makaranta, ya dawo da tumfafiya dami guda a ka, har wata tsohuwa ta tambaye shi ko aljanu zai kora. Da cukwi ya haɗu ya yi wani kore kore, sai ya yayyanka ya soya shi a man gyaɗa, ya bulbule shi da yajin ƙuli. Ya cika langa biyu, ɗaya ta zaman sulhu, ɗaya ta guzuri.

Ranar Alhamis da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa. Gona fetal, babu abin da ke tsaye sai sabara, sai wani kwazazzabo can ƙarshenta. Liman na tsakiya, Mai unguwa na gefensa, butoci biyu a ajiye. Iya da Ladidi suna ɗan nesa a tasu tabarmar. Malam Abdullahi ya fuskanci gabas, Muhammad Sani ya fuskanci yamma.

Malam Abdullahi ya ce, "Mai unguwa, gaya wa wancan ya janye ƙafarsa, ta shigo inuwata."

Muhammad Sani ya ce, "Mai unguwa, gaya wa mai maganar inuwa ba ta da suna a jiki."

Iya ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Sai ga ƙarar babur. Jatau ya sauko da langa, ya durƙusa ya gaida Iya daga nesa, ya gaida manya. Ladidi na ganin langa ta dafe ƙirji, amma ba dama ta ɗaga murya a kan miji gaban Liman.

"Allah gafarta Malam, kafin a fara, a ba ni izini. Kan ɗan Adam kamar waya yake. Akwai wasu sinadarai a ciki, in suka yi ƙasa sai mutum ya riƙa ɗaukar zafi, ana magana ba ya ji. Wanga da na kawo caja ce."

Liman ya yi murmushi ya ce shi yana azumin Alhamis, amma Allah Ya sa albarka. Iya kuwa ba ta cin abinci gaban suruki, shi ma Jatau ba ya ci gabanta. Mai unguwa ya ja langa ya yi bisimilla, ya ɗauki babban yanka.

Malam Abdullahi ya ɗauki guda ya tauna. Ɗaci ya doki harshensa ta ƙarƙashin yaji, fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye. Ya ce, "Mai unguwa, gaya wa wancan kada ya taɓa. Abin na manya ne, tun yana yaro ko maɗaci ba ya iya sha."

Muhammad Sani ya miƙa hannu ya kwashi biyu ya watsa baki. "Mai unguwa, gaya masa ko gishiri bai ji ba."

Babba ya kwashi uku. Ƙarami ya cika tafi. Kan ka ce me, langa ta koma sai yaji a gindi, Jatau na tsaye yana murza hannu kamar mai kallon dambe.

Liman ya gyara zama ya fara nasiha a kan zumunci. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa, kuma ya daɗe yana jiran ranar da mutanen nan biyu za su zauna su saurare shi. Ya kawo aya ya fassara, ya kawo hadisi ya warware. Rana ta ɗaga.

Can sai aka ji wani ruri mai tsawo. Iya ta ɗaga kai ta dubi sama. "Hadari ne wanga?"

Sama tas, ko gajimare babu.

Mai unguwa ya fara mutsu mutsu. Ya zaro waya ya kara a kunne, ko ƙara ba ta yi ba. "Na'am? Hakimi? Yanzu? To ga ni nan." Ya miƙe a karkace, ya sunkuci buta guda, ya nufi kwazazzabo da wata irin tafiya ta gajerun taku.

Liman ya ce, "Hakimi a kwazazzabo yake?"

Jatau ya ce, "Can sabis ya fi ƙarfi, Malam."

Shi Mai unguwa babu sharaɗi a kansa. Su kuwa masu ɗorawa ko gyara zama ba sa iyawa. Gumi ya keto wa Malam Abdullahi, ya jiƙa wuyan riga. Muhammad Sani ya kama gefen tabarma da hannu biyu ya ƙanƙame, idanunsa suka kawo ruwa. Kowa na satar kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido, yana roƙon Allah wancan ya fara tashi.

Jatau ya raɓa kusa da Ladidi yana raɗa da ƙarfi. "Kin gani? Tun ɗazu wa ya ce uffan? Sinadari ya kai ƙwaƙwalwa."

"Ni dai na ga irin kwanciyar bunsuruna," in ji Ladidi.

Liman ya dubi hawayen Muhammad Sani, zuciyarsa ta yi sanyi. "Alhamdu lillahi, wa'azi ya fara ratsa zukata. Bari in ƙara muku da ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu."

Malam Abdullahi ya ce da wata siririyar murya, "Allah gafarta Malam, a shafa haka nan."

"Ba a shafa fatiha a kan gaba, Malam Abdu. Sai kun daidaita."

Ba a jin komai sai rurin ciki biyu, ɗaya na amsa wa ɗaya. Sannan Malam Abdullahi ya juyo da kansa a hankali, kamar mai ɗauke da tulu cike.

"Sani."

Carbi ya tsaya a hannun Iya.

"Na'am, Yaya."

"Ɗorawa ta Iya ce?"

"Ta Iya ce. Har inuwar."

"Noma fa?"

"Tare. Ni da shanu, kai da iri."

"Ka yafe?"

"Na yafe, na yafe. Malam, a shafa."

Liman ya ɗaga hannu cikin farin ciki. Ya yi wa marigayi addu'a. Ya yi wa Iya. Ya roƙi damina mai albarka, ya roƙi zaman lafiya a Mada, da Tsafe, da Bungudu, ya fara bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Amin ɗin 'yan'uwan nan tun tana fita har ta koma nishi.

Malam Abdullahi ya ce ta gefen baki, "Sani, sharaɗin Iya na nan fa. In mun tashi tare, babu wanda ya fara."

"Kamo hannuna, Yaya, kada ka ce na riga ka."

Suka miƙe lokaci guda, hannu cikin hannu. Muhammad Sani ya fizgi butar da ta rage, suka ratsa gona da gudu, manyan riguna na tashi. Masu sharar gona a maƙwabta suka yar da manjagara suna kallo. Wani ya ce, "Ba 'ya'yan marigayi ba ne wancan, riƙe da hannun juna?" Kafin su dawo mutane sun cika gindin ɗorawa. Daga can cikin kwazazzabo ana jiyo murya: "Yaya, rage mini ruwan."

Jatau ya ga taro, ya hau kan tushen ɗorawa ya tura hula gaba.

"Jama'a, kun gani da idonku. Abin da ya gagari dangi shekara da shekaru, langa guda ta gama shi. Duk mai rigimar gado, ko ta iyaka, ko ta aure, ya same ni a Tudun Wada. Har majalisa ina iya kai wa."

Mai unguwa ne ya fara dawowa, a duƙe, yana dogara wani kara. Bayansa 'yan'uwa biyu, fuska ta zabge, kowa na tallafe da kowa. Suka zube a tabarma ɗaya.

Mai unguwa ya ce, "Mi ka sa a cikin abin nan?"

"Tumfafiya, ranka ya daɗe. Dami guda kacal."

Wata Bafillatana cikin 'yan kallo ta saki ƙwaryarta ta riƙe baki. Dariya ta ɓarke, har masu sharar gona na zama a ƙasa.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta daɗe tana duban 'ya'yanta biyu a tabarma guda. Sannan ta ce, "Ladidi, na ga wata langa ɗaure a babur. Ɗauko." Ta juya wajen Jatau. "Zo nan, ɗana. Na san suruki ba ya ci gaban surukuwa. Yau na ɗauke maka wagga kunya. Zauna ka ci."

"Iya, ni raina fari ƙal yake."

"A ƙara masa fari," in ji Malam Abdullahi.

Muhammad Sani ya buɗe langa ya tura gabansa. Suka sa shi tsakiya, babba a dama, ƙarami a hagu. Jatau ya ci na farko ya ce yaji ya ɗan yi yawa. Ya haɗiye na biyu da ƙyar. Ba su bar shi ba sai da ya ga gindin langa.

Aka shiga maganar shuka, wa zai kawo taki, wa zai sare sabara, ina za a sa gero ina dawa. Iya ta ce kalwar bana a raba wa matansu duka, ta kuma ce wa Ladidi in sun koma gida ta kwance mata ƙullin kayan nan. Ana cikin haka aka ji ruri daga tsakiyar tabarma. Jatau ya fara laluben wayarsa.

"Kamar hakimi ke kira na."

Hannu biyu suka sauka a kafaɗunsa, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu.

Iya ta ce, "Allah gafarta Malam, yaran nan ba su samu ƙarshen addu'a ba. A ɗauko mana ita daga farko. Kuma ba mai tashi sai an shafa."

Liman ya ji daɗi ƙwarai. Ya gyara rawani, ya ɗaga hannu, ya fara daga marigayi.

Wajen ƙauyukan Tsafe aka kai sa'ad da Muhammad Sani ya karkato ya ce a hankali, "Jatau, kai da ka san kan abin, yaushe sinadarin ke isa ƙwaƙwalwa?"

Jatau ya ƙanƙame gefen tabarma, gumi na ɗiga daga gemunsa, idonsa na kan kwazazzabo.

"Yaya," ya ce, "wanga ba fannina ba ne."